Jirgin katako da yadi: yadda aikin Jodel ɗinmu ke tafiya

14 ga Oktoba, 2023

To yau dai an kawo gawar. Haka dattijon namu ya kira ta lokacin da muke sauke ta daga tirela, kuma wallahi bai yi ƙarya ba. Gangar jikin daban, fiffike daban, inji a cikin wani akwati an lulluɓe shi da tsohon bargo, sai kwalaye guda bakwai cike da noti da wayoyi da tarkacen da mai shi ya riƙa zubawa ba tsari. Jodel D.112 ne, ɗan ƙaramin jirgin Faransa mai kujera biyu gefe da gefe, irin wanda ƙungiyoyin koyon tuƙi suka yi ta koyar da mutane da shi tun shekarun 1950. Ɗan farantin ƙarfen da ke manne a ciki ya nuna kamfanin Wassmer ne ya ƙera shi a garin Issoire. Ya fi shekara ashirin a rumbun wani manomi, kaji sun yi masa abin da suka ga dama.

Mu huɗu ne a aikin. Akwai dattijon, shekararsa 78, duk rayuwarsa makanikin ƙananan jirage ne, ni Baba nake ce masa kuma ya saba har yana amsawa. Akwai likitan haƙori wanda shi ne matuƙi kuma shi ne mai aljihu. Akwai wata yarinya ɗaliba mai karatun injiniya a Dijon, ita ce mai lissafi da rubuta komai. Sai ni, kafinta, wanda ƙofofi da tagogi da matakala nake yi Litinin zuwa Juma'a. Yadda na faɗo ciki kuwa abin dariya ne, gidan likitan na je gyaran matakala ya ga yadda na haɗa wani katako ba ƙusa, ya ce ko na taɓa taɓa jirgin sama, na ce a'a sai dai in biya kuɗi in hau zuwa Yamai. Ya ce to zo ranar Asabar.

Abin da ya fara ba ni mamaki, na ɗaga wutsiyar da hannu ɗaya. Hannu ɗaya fa! Na leƙa ciki na ga sandunan katako sirara da wasu ba su fi ɗan yatsa ba, da filawud mai kaurin kwalin sabulu, an bi an rufe da yadi an shafe da fenti. Na ce Baba wannan mutane suke shiga su bar ƙasa? Ya ce dubbai ma, kuma yawancinsu a gadonsu suka mutu.

4 ga Nuwamba, 2023

Makonni uku ba mu yi komai ba sai wanki da jera kaya da manna wa kowane abu takarda. Aikin gundura ne, amma a nan na samu tarihin jirgin daga bakin Baba, don shi in ya fara ba ya tsayawa.

Sunan Jodel ɗin ma ashe haɗin sunan mutum biyu ne, Édouard Joly da Jean Délémontez, Jo da Del. Suruki da surukinsa ne, Délémontez ɗiyar Joly yake aure. Joly harkar injinan noma yake yi a Beaune, nan kudu da Dijon kamar tafiyar kilomita 40, garin da aka sani da gonakin inabi. A 1946 suka kafa kamfaninsu, ana fitowa daga yaƙi ƙasa ba kuɗi ba ƙarfe. Da ragowar katako da wani tsohon injin Poinsard mai ƙarfin doki 25 suka haɗa ɗan jirgi mai kujera ɗaya, D.9, wanda ake kira Bébé wato jariri, ya tashi a Janairun 1948. Don kansu suka yi shi, sai mutane suka yi ta zuwa suna neman zanen su ma su ƙera a garejinsu. Daga nan gwamnati tana neman jirgi mai arha na koyo saboda ƙungiyoyin tuƙi da ke ko'ina a ƙasar, sai Délémontez ya faɗaɗa jaririn ya zama mai ɗaukar mutum biyu, shi ne D.11 da ya tashi a 1950. Lambar ƙarshe inji take nunawa, namu 112 shi ne mai injin Continental A65 na Amurka. Wassmer sun yi a Issoire, wani kamfanin SAN ya yi nasa a Bernay can Normandi, ga kuma waɗanda mutane suka yi da hannunsu a gida, su ne za ka ga lambarsu ta fara da F-P.

Abin da ya burge ni, zuriyar ba ta ƙare ba. A 1957 Pierre Robin ya haɗa kai da Délémontez suka buɗe masana'anta a Darois, bayan Dijon kaɗan, daga can jerin DR suka fito har zuwa DR400 na 1972, wanda yau in ka shiga kusan kowace ƙungiyar tuƙi a Faransa shi za ka tarar ana koyo da shi, har yanzu kuma katako ne da yadi, da wannan lanƙwasasshen fiffiken. Shi Délémontez sai 2015 ya rasu, ya haura shekara casa'in. Baba ya ce ya taɓa gaisawa da shi a wani taron masu ƙera jirgi a gida, ya maimaita min wannan labarin sau uku yau kaɗai.

9 ga Disamba, 2023

Mun yage yadin fiffike. Wannan ita ce ranar da kowa ke tsoro.

Fiffiken Jodel guda ɗaya ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, mita 8 da ɗan ɗori, gangar jikin zama take yi a kansa. A cikinsa akwai abin da ni nake kira azara, don aikin azarar soro yake yi, wani dogon akwati na katako da filawud wanda shi ke ɗauke da nauyin komai, haƙarƙarin fiffiken duk a jikinsa aka zura su, ƙafafun tayoyi ma a jikinsa aka ɗaure. In azarar nan ta ruɓe to magana ta ƙare, sai a tattara a yi itacen girki. Shi ya sa da Baba ya sa wuƙa ya fara tsaga yadin babu mai magana.

Farko ɓera muka gani. Ba shi da kansa ba, gidansa, a gefen hagu tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar, ya tara ciyawa da yagaggen takarda, ya cinye zaren ɗinki, fitsarinsa ya baƙanta filawud. Wari kamar me. Haƙarƙari shida sun tafi a nan. Bayan fiffiken kuma inda ruwa ke taruwa ya yi laushi, ƙananan hudojin da aka yi don ruwa ya riƙa fita wani mai hikima ya toshe su da fenti shekarun baya, ina taɓa katakon da farce yana shiga kamar dafaffen rogo.

Sai azara. Baba ya kashe fitilun rumfar gaba ɗaya ya kunna ƴar tocila ya kwantar da haskenta a jikin katakon, yana tafiya taƙi taƙi. Abin da yake nema wani siririn layi ne da ke gitta jijiyar katako, kamar gashi ɗaya ya faɗi a kai, alamar an taɓa danne katakon har ƙwayoyinsa suka murƙushe ta ciki, irin wanda ke faruwa in bakin fiffike ya bugi ƙasa. Da ido a hasken rana ba za ka gani ba, kuma nan ne zai karye wata rana ba sallama. Bayan wannan ya ɗauko kwabo yana ƙwanƙwasawa yana saurare, inda gam ya riƙe ƙarar a cike take, inda ya saki sai ka ji fanko. Na tsaya ina kallonsa sai na tuna mahaifina a Damagaram yana ƙwanƙwasa katakon gado da bayan guduma don ya ji ko gara ta shiga. Awa uku muka yi a duhu da sanyi. Azara lafiya lau, alhamdulillahi. Likita har da buɗe kwalba, ni aka ba ni ruwan tuffa.

20 ga Janairu, 2024

Yau kunyata zan rubuta, tunda na ce komai zan rubuta.

Ƙasan gangar jiki daga baya, wajen wutsiya, ya ruɓe, don jirgin a tsaye hancinsa sama yake wutsiya ƙasa, duk ruwan da ya shiga can yake gangarawa ya kwanta. Akwai wani tsohon gyara a wurin da aka yi da gam irin na da, wanda ake yi da madara, wannan gam ɗin in ya sha danshi fumfuna ke cinye shi, na sa wuƙa kawai ya rabu ba gardama. Dole a yanke wani sashe na doguwar sandar ƙasa a sa sabo. Ba a haɗa katakon jirgi kai da kai, fere shi ake yi a karkace, doguwar fira, tsawonta ninki 15 na kaurin sandar, ɗayan ma haka, su kwanta a kan juna. Wannan kam sana'ata ce, na yi shi ya zauna ko takarda ba ta shiga tsakani, Baba ya duba ya gyaɗa kai, kaina ya kumbura.

Gam ɗin da muke amfani da shi Aerodux ne, jan nan mai duhu kamar zoɓo, ana haɗa ruwan gam ɗin da garinsa. Ba ya tsoron ruwa in ya kama, amma yana da sharaɗi, yana son ɗumi wajen digiri 20 har ya bushe. Rumfar tamu kwano ce, ranar digiri 6 ne a ciki. Na kunna hita na manna na matse, na ga dare ya yi kuma wutar lantarki a ƙasar nan tsada, na ce ai ya riga ya kama, na kashe hita na tafi gida. Ban gaya wa kowa ba.

Ashe dokar Baba ce duk gam ɗin da aka dama sai an manna wasu guntaye biyu da shi a ajiye gefen aikin su kwana tare. Yau ya ɗauko guntun ya sa a bakin matsi ya buga guduma. In aiki ya yi kyau katakon ne zai yage ya bar gam, nawa kuwa ɓas, ya rabu a kan layin gam ɗin tas kamar an yanka sabulu. Bai yi faɗa ba, wannan ya fi ciwo. Ya ce kawai, ƙofa in ta saki mai gida zai kira ka a waya, wannan in ya saki ba mai kiran ka. Na fere aikina da hannuna na zubar, sandar da muka jira wata guda kafin ta iso. Yanzu mun yi ƴar bukka ta leda a cikin rumfar, da hita da ma'aunin zafi mai rubuta na dare, yarinyar ce ke duba shi.

16 ga Maris, 2024

Azumi, don haka rabin yini nake yi. An sake haɗin, guntun gwaji ya yage a katako yadda ake so. Filawud ɗin da muka yi oda daga wani ɗan kasuwa ya zo a lanƙwashe kamar faifai, mun mayar, sati biyu ana jan magana a waya. Wanda ya zo daga baya mai kyau ne. Abin da ban zata ba, filawud ɗin na itacen okume ne, daga dazukan Gabon ake kawo shi, mara nauyi, ja-ja haka. Sandunan kuma wani itacen ƙasashen sanyi ne mai miƙaƙƙiyar jijiya, Baba ƙirga layukan shekarunsa yake yi da gilashin ƙara girma, in sun yi faɗi da yawa ko jijiyar ta karkace sai ya jefar gefe, rabin abin da ni zan yi murna in samu a shagona shi a wurinsa shara ne. Na kwashe sharar na kai gida, na yi wa yara teburin karatu.

19 ga Mayu, 2024

Ba aiki wannan makon, mun tafi La Ferté-Alais kudu da Paris kallon bikin tsofaffin jirage da ake yi duk shekara a filin Jean-Baptiste Salis. Mutane maƙil, kowa na rububin jiragen yaƙi masu ruri. Ni kuwa na tsinci kaina durƙushe ƙarƙashin fiffiken wani ƙaramin jirgi ina ƙirga tazarar ɗinkin yadinsa, har maman yara ta ce wai Malam kuɗin shiga ka biya don ka kalli ƙasan abu? Yaran dai sun ji daɗi, ƙaramin ya toshe kunne tun daga farko har ƙarshe.

6 ga Yuli, 2024

Haƙarƙari goma sha ɗaya na sake gaba ɗaya, shida na ɓera, biyar na ruwa. Kowanne sai an buga masa ma'auni a kan allo, a lanƙwasa siraran sanduna a bi layin, a manna ƙananan filawud masu kusurwa uku a kowace mahaɗa, a riƙe su da ƙusoshi ƙanana kamar ƙayar kifi waɗanda sai da hantsaki ake ɗauka. Ƙusar ba ita ke riƙe komai ba, aikinta ta danne har gam ya kama. Ɗaya nake yi a yini in na yi sauri. Zanen wasu sassan da suka ɓace mana likita ya nemo ta wajen mutanen gidan tarihin jirage na Angers, Espace Air Passion, suna da tarin takardun tsofaffin ƙananan jiragen Faransa kuma su ma gyaran suke yi.

Yau da muka ɗora fiffiken a kan jakunan katako na tsaya daga gaba na dube shi sosai. Duk wanda ya san Jodel da fiffiken yake gane shi tun daga nesa, tsakiyar a miƙe take shimfiɗe, sai can wajen ƙarshe kowane gefe ya karye ya ɗaga sama, kamar shaho in ya saki iska tana ɗaukarsa. Na ɗauka ado ne. Yarinyar ta zana min a bayan kwali, ta ce sassan nan da suka ɗaga an kuma murɗe su, gabansu ya ɗan sunkuya ƙasa. In jirgi na tafiyarsa da gudu tsakiyar ce ke ɗauke da nauyi, bakin kusan hutawa yake ba ya jan iska, shi ya sa doki 65 kacal ke kai mutum biyu wajen kilomita 150 a awa. In kuma an rage gudu za a sauka, tsakiyar ce ke fara gajiya, bakin yana nan yana riƙe, matuƙi bai rasa ikon karkata jirgin ba. Ga ɗalibi mai koyo wannan rahama ce. Matsalar a wurina ita ce murɗin nan dole hagu da dama su zo daidai, in ba haka ba jirgin zai riƙa jan gefe ɗaya har abada. Mun auna da igiya da ma'aunin ruwa da na zamani mai lambobi, sau biyar, na kwance haƙarƙari ɗaya da ya fita layi da milimita 3. A aikin ƙofa milimita 3 sai in ce wa mai gida katako ne zai zauna.

Wutsiyar ma da nata salon, babu tsayayyen sashe a sama, duk allon ne ke juyawa gaba ɗaya in an taka feda.

21 ga Satumba, 2024

Sutura. Wata biyu muna kai.

Da can auduga ko lilin ake sa wa jiragen nan, yanzu yadin roba ne irin tetoron mara rini, wanda bai taɓa ganin zafi ba. Ana shimfiɗa shi sako-sako a manna bakin, kana ganinsa duk tattara kamar rigar aro. Sai a ɗauko dutsen guga, e dutsen guga na gida, amma an gwada shi da ma'auni an yi masa alama a jiki. A fara wajen digiri 120 a bi ko'ina, a ƙara kaɗan a sake bi, kana ji yadin na tsukewa a ƙarƙashin hannunka har ya ɗaure, in ka buga da yatsa ya yi ƙara kamar kalangu. In zafi ya kai wajen 190 kuma sai ya fara saki kuma ba ya dawowa, sannan a jikin katako siriri irin wannan ba a kai shi ƙarshen tsukewa don yana iya lanƙwasa bayan fiffiken. Likita ya tsaya amsa waya da dutsen a wuri ɗaya, ya huda mana allon wutsiya, rami kamar bakin kofi. Na yi shiru amma a raina na ce to ba ni kaɗai ba ne.

Ɗinki shi ne ya cinye lokacin. Kowane haƙarƙari sai an ɗaure yadin a jikinsa da zare mai kakin zuma, da wata allura doguwa kamar tsinken tsire, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka soka ya karɓa ya dawo maka da ita ka ƙulla, kuma inda iskar farfela ke bugawa ɗinkin ya fi matsuwa. Ƙullin na musamman ne, in ɗaya ya tsinke sauran ba sa warwarewa. Ni da Baba muka yi ta fama hannunsa na rawa ni kuma yatsuna sun yi kauri. Ranar nan maman yara ta kawo min abinci ta tsaya kallo, ta ce ku ba ni nan, ita da take ɗinkin hula tun tana yarinya. Sau biyu aka nuna mata. Haƙarƙarin da muke yi a awa ɗaya ta gama a minti ashirin, ƙullin a jere kamar an buga da inji. Baba ya cire hularsa ya ce madam daga yau ke ce shugaba. Asabar huɗu ta zo, yanzu in muna hira a gida cewa take jirginmu.

Bayan ɗinki sai a bi da ƙyallaye masu bakin zarto a rufe layukan, a huda ramukan fitar ruwa (na ƙirga su da kaina, kuma duk wanda ya kusance su da fenti za mu ɓata), sai shafe-shafe. Akwai shafi mai garin alminiyom a ciki, launin azurfa, shi ke kare yadin daga rana don rana ce ke kashe shi. Gwajinsa sauƙi, a sa ƙwan fitila cikin fiffiken, in ka hango haske daga waje to a ƙara. Warin maganin kuwa ko da abin rufe hanci sai da kaina ya yi ciwo kwana biyu.

23 ga Nuwamba, 2024

Baba ya kwanta asibiti sati uku, ƙirji. Ya fito amma an hana shi sanyi. Ba mu taɓa komai ba sai robobin cikin ƙafafun tayoyi da muka canza, don Jodel ba shi da sifirin, wasu dunƙulallun robobi ne a jere cikin bututun ƙafar suke shanye bugun sauka, na ciki sun bushe sun zama dutse. Na kai masa hoto a waya ya ce na juya guda ɗaya. Da na koma na duba, na juya ɗin.

8 ga Fabrairu, 2025

Inji ya dawo daga wurin masu gyara, kuɗinsa ya fi na duk sauran aikin a haɗe, likita ya ce kar a faɗa wa matarsa. Continental A65 abu ne mai sauƙi har ya ba ka tausayi, silinda huɗu biyu na kallon biyu, lita 2.8, iska ke sanyaya shi, doki 65 a juyi 2300 cikin minti, shi ne dai injin da ke kan Piper Cub na Amurka. Ba batir, ba sitata, ba dainamo. Magineto biyu ne ke ba da wuta, kowace silinda fulogi biyu, in ɗaya ya mutu a sama ɗayan ya kawo ka gida. An canza zobban fistin da bawul na hayaƙi, an duba karanshaf ba tsaga, kafireta an wanke an sa sabuwar allura. Tankin baƙin mai a ƙasa yake rataye kamar ƙoda.

Nawa aikin a nan shi ne bangon da ke tsakanin inji da ƙafafun matuƙi. Shekara da shekaru baƙin mai na ɗiga ya jiƙa katakon ƙasan, kuma katakon da ya sha mai gam ba ya kama shi ko ka yi kuka, sai da na yanke har inda fari ya fito. Tankin fetur kuma a gaba yake, tsakanin bangon nan da allon agogai, wato kusan a cinyarka. Mun cika shi da ruwa ya kwana, ya yi gumi a wani tsohon walda, an kai an sake.

Farfela sabuwa ce ta katako daga Évra, masu yin farfela a Creil. Da na buɗe akwatin na daɗe ina shafa ta, falle-falle aka manna aka sassaƙa, ban ga inda zan ce da ni ne da na gyara ba. A kwance ake ajiye ta, in ka bar ta a tsaye danshi na gangarawa reshe ɗaya ya fi ɗaya nauyi.

12 ga Afrilu, 2025

An aurar da fiffike da gangar jiki, mutum takwas muka tara har da maƙwabtan rumfa. An ja wayoyin sarrafawa an ɗaure kowane noti da ƴar waya don kar girgiza ta kwance shi. Fenti fari da jan layi, yadda muka gano asalinsa a ƙarƙashin wani shuɗi mai muni da aka shafa masa daga baya.

Sai awo. Sikeli uku, biyu a tayoyin gaba ɗaya a wutsiya, an ɗaga wutsiyar har jirgin ya daidaita. Ya zo kilo 339 ba mai ba mutum. Iyakar abin da aka yarda ya tashi da shi 530 ne, saura 191 ke nan na mutane da fetur. Likita 88, ni 84, yarinyar ta buga ta ce saura kilo 19, fetur lita 26, injin kuma yana shan wajen lita 15 a awa, ga wanda dole a bari a tanki saboda tsaro. Wato mutanen 1950 ba su ci abin da muke ci ba. Kowa ya kalli cikin likita, shi kuma ya kalli nawa.

14 ga Yuni, 2025

Mun tura shi waje kan ciyawa da safe, karon farko da rana ta gan shi a haɗe. An ɗaure wutsiya da igiya a jikin turke, an sa waigi a tayoyi, yarinyar na riƙe da abin kashe gobara, likita a ciki. Da hannu ake tayar da shi, mutum ya tsaya gaban farfela ya finciko ta ya ja da baya, kuma nan ne mutane ke rasa yatsu. Baba ya so ya yi da kansa, ƴarsa da ta kawo shi ta ce sam, don haka tun watan jiya yake koya min da wuta a kashe, yadda ake tsayawa, yatsu a kan reshen ba a naɗe shi ba, ƙafa ɗaya a baya, nauyinka ya tafi baya ba gaba ba.

Na juya ta sau shida wuta a kashe don ta ja mai, ina jin magineto na yin ƙas ƙas. Na ɗaga murya na ce kontak, wato a kunna wuta, likita ya amsa kontak. Na yi bismilla na finciko. Shiru. Na biyu ta yi tari ɗaya ta fesa hayaƙi. Na uku, na huɗu, har na tara ba labari, gumi ya jiƙa ni, fetur na ɗiga ƙasan kafireta, Baba daga kan kujerarsa ya ce kun shaƙe ta, a kashe wuta a buɗe maƙogwaro, wato totur, duka a juya ta baya sau goma. Aka yi, aka mayar da maƙogwaron, na tambayi likita sau biyu ko ya mayar ɗin. Bugu ɗaya ta kama. Ƙarar ba irin ta jiragen yaƙin nan ba ce, wani bubbuga ne a hankali kamar injin niƙa daga nesa, ciyawa ta kwanta a baya, hular Baba ta tashi ba wanda ya bi ta. Allurar baƙin mai ta hau cikin daƙiƙu kaɗan, likita ya ɗaga babban yatsa.

Minti goma muka bar ta. Da aka gwada magineto ɗaya ɗaya, na dama lafiya, na hagu juyin ya faɗi da yawa har injin na karkarwa. Bayan an kashe kuma na ga ɗigon mai a murfin silinda ta uku, da birkin dama da ba ya kamawa sosai. Na aika wa mahaifina bidiyon ta WhatsApp, ya kira ya ce wai da gaske katako ne, na ce masa ku da kanku za ku iya yin rabinsa, ya ce to a gaishe da mai shiga.

Takardun neman mai duba jirgi daga OSAC, masu tantance lafiyar jirage a Faransa, yarinyar ta kusa gama haɗa su, sai ya zo ya gani ya sa hannu kafin taya ta bar ƙasa. Asabar mai zuwa za mu cire fulogin ƙasa mu gani ko mai ne ya jiƙa su, in ba su ba ne to magineton hagu zai sauka. Gasket ɗin murfin an yi oda, sun ce kwana goma.